Neman kalmar Hausa: me za mu kira Advent?

Zainab Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar zan gabatar da shiri a rediyo kan yadda Kiristocin Kano ke shiga lokacin Kirsimeti, kuma ana son rubutun gobe kafin azahar. Kalmar Advent ce ta tsaya mini a wuya. Lokaci ne da ke farawa ranar Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Ba na son in jefa Turanci a tsakiyar shirin Hausa. Ku taimaka.

Malam Sani:
Jajiberen Kirsimeti mana.

Zainab Fagge:
Malam, jajibere ai kwana ɗaya ne, kamar na Sallah. Wannan sunan ya fi dacewa da 24 ga Disamba. Nan Lahadi huɗu ake magana.

Yakubu Sabon Gari:
'Yar uwa, ni abin a gidana yake. A cocinmu Zuwan Almasihu muke cewa. Kalmar daga Latin ta fito, adventus, ma'anarta zuwa. Zuwa biyu ake tunawa: haihuwar Yesu a Baitalami, da dawowarsa da muke sa rai. A wajen Katolika da Angilika da Lutheran, Lahadin farko ta wannan lokacin ce ma farkon shekarar coci. Ana kunna kyandir ɗaya, kowace Lahadi a ƙara ɗaya har su cika huɗu. Amma ki faɗa a shirin cewa ba kowace coci ke kiyaye shi ba. Da yawa a unguwarmu sai sun ji waƙoƙin Kirsimeti, sun ga tashar mota ta cika da masu tafiya gida, sannan su ce lokaci ya yi.

Baba Malamin Hausa:
Zuwa bai ƙoshi ba. Mai zuwa bai iso ba tukuna, mutanen zaman jira suke yi. Kalmar da ta dace ita ce tsumayi: jira da zumuɗi, ido na kan hanya. Makonnin Tsumayi. Ku faɗa da baki ku ji daɗinta. Bahaushe ya iya raɗa wa lokaci suna, shi ya kira Rajab watan azumin tsofaffi. Me zai hana mu?

Malam Sani:
Ko Dakon Kirsimeti?

Baba Malamin Hausa:
Dako na ɗan dako ne a Kantin Kwari. Tsumayi, na ce. Zuwan Almasihu kuwa Hausar coci ce, fassarar Turawan mishan.

Yakubu Sabon Gari:
Baba, da girmanka, wannan maganar ta sosa mini rai. Kakana Bahaushe ne, da Hausa aka yi mini raɗin suna, da ita nake addu'a. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Sai yaushe Hausarmu za ta zama Hausa? Ibadar tamu ce, a bar mu mu faɗi sunanta.

Hajiya Binta:
Gaskiya ya faɗa, Baba. In tsabtar harshe ake nema, Kirsimeti aro ce, Lahadi da Asabar ma daga Larabci muka ɗauko, ba wanda ya ce a kore su.

Baba Malamin Hausa:
Aron Larabci ya yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, Hajiya, ya zama ɗan gida. Yakubu, ban nufi raini ba, ka yi haƙuri. Amma Zuwan Almasihu jimla ce kusan, ba suna ba. Musulmin da ke saurare zai ɗauka zancen saukowar Annabi Isa ake yi a ƙarshen zamani.

Yakubu Sabon Gari:
Ya wuce, Baba. Wannan na ƙarshen kuma ka yi gaskiya, sai a sa “lokacin” a gaba.

Zainab Fagge:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: “Lokacin Zuwan Almasihu, wato Lahadi huɗu na tsumayin Kirsimeti.” Daga nan sai in ci gaba da cewa Lokacin Zuwa.

Baba Malamin Hausa:
Kin mai da kalmata 'yar rakiya. To, ba laifi, je ki da shi na bana. Ni dai a ajina Tsumayi zan koyar.