A Kai Ni Makurɗi a Ba Ni JF-17, Zan Tayar da Shi

Aradu17: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, sai na amayar zan ji sanyi. Jiya a gidan suna yayana ya dube ni a gaban surukai ya ce wai ƙato da ni, gemu har ƙirji, ina kwana ina wasan yara da sanda a gaban kwamfuta. Don Allah ku da kuka san DCS World, gem ɗin nan na kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi a kwamfuta, jirgin yaƙin JF-17 ɗin da ke ciki wasan yara ne? Kafin ka motsa sai ka kunna batir, ka tayar da inji, ka jira na'urar da ke gaya wa jirgi inda yake ta daidaita, ka loda bayanan aiki a kwamfutar jirgin, sannan ka saita allunan nan uku da ke gabanka: ɗaya rada, ɗaya makamai, ɗaya taswira. Ka tsallake mataki ɗaya, ka matsa maɓalli har yatsanka ya gaji makami mai linzami ba zai fita ba. Na faɗa a can, ina maimaitawa a nan: a kai ni sansanin sojin sama na Makurɗi a ba ni ɗaya daga cikin JF-17 ukun da sojin samanmu suka karɓa a 2021, zan tayar da shi, in zaga, in sauko lafiya. Mu matuƙa mun san abin da muke faɗa.

Mai Shayin Kwana: "Mu matuƙa." Ikon Allah. Kai da wa?

Baba Saje: Wa alaikumus salam. Yaro, janye kalmar nan. Na yi aikin gyaran jirage a soja har na ajiye kaki, ban taɓa kiran kaina matuƙi ba, alhali na shiga kujerar nan na fita ba adadi. Matuƙi shi ne wanda aka maƙala wa fiffike a ƙirji. Sai ya fara da ƙaramin jirgin koyo a Kaduna, irin Super Mushshak, in ya tsallake a tura shi Kano ya hau L-39. Kuma da yawa a hanya ake sallamarsu.

Ɗan Kawo: Baba, da girmanka, amma kalmar ba ta soja ba ce su kaɗai. Mai adaidaita sahu ma matuƙi ne. Duk wanda ya riƙe abu yana juya shi yana tafiya ai tuƙi yake.

Mai Shayin Kwana: To shi nasa ina yake tafiya? Daga tebur zuwa ina?

Ɗan Maraɗi: Ku dakata. Jiragen nan marasa matuƙi, MQ-9, da Amurkawa suka ajiye a Agadas har suka tattara suka fita a 2024, masu sarrafa irinsu a ɗaki suke zaune da sanda da allo, wasu ma daga Nebada, can wata nahiya. Kuma sojin Amurka matuƙa suke ce musu. To me ya raba su da Aradu?

Baba Saje: Kai da bakinka ka ce "marasa matuƙi". Ka gama magana.

Ɗan Maraɗi: Baba, ai sunan da 'yan rediyo suka sa musu ne, ba ni na raɗa ba.

Aradu17: Na gode Ɗan Maraɗi. Wasu hassada ce kawai ke cinsu.

Injiniya Bala: Bari in sa baki, don wannan abu ba yau aka fara shi ba. Tun 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwatin koyon tuƙi, shuɗi, da ke karkata hagu da dama ta hanyar iska da famfo, a rufe mutum a ciki ya koyi tafiya da agogunan jirgi kaɗai ba tare da ya ga waje ba. Dubun dubatar matuƙa aka horar da shi a yaƙin duniya na biyu. Yau kuma jirgin yaƙin Amurka F-35 ba shi da samfuri mai kujera biyu. Ma'ana ranar da mutum zai fara tashi da shi, shi kaɗai ne a ciki, ba malami a bayansa. Abin da ya koya a na'urar kwaikwayo shi zai fitar da shi. Saboda haka raina na'ura jahilci ne. Amma fa wanda ake sakawa a wannan na'urar ya riga ya tuƙa jiragen koyo na gaske, T-6 da T-38, ya san yadda jiki ke ji a sama.

Aradu17: Kun ji ko? Injiniya ya ce raina na'ura jahilci ne.

Injiniya Bala: Malam, karanta har ƙarshe mana.

'Yar Zariya: Ni maganar "in sauko lafiya" ce ta tsaya min. A watan Agusta na 2018 wani ma'aikacin filin jirgin Siyatul a Amurka, wanda ba shi da lasisin tuƙi, ya ɗauki jirgin fasinja Q400 babu kowa a ciki, ya tashi da shi, har ya wuntsila shi a sama. Da masu kula da zirga-zirga suka yi masa magana ya ce ya ɗan buga gem. Tashi dai ya tashi. Amma bai sauka a titin jirgi ba, a wani tsibiri ya faɗi, ya mutu.

Ɗan Kawo: Hajiya, to shi a wannan lokacin matuƙi ne ko ba matuƙi ba ne? Abin da muke kai ke nan.

'Yar Zariya: Ba abin da aka fara da shi ba ke nan, amma ku ci gaba.

Baba Saje: Ɓarawon jirgi ne, Allah ya kyauta. Ku yaran nan ba ku ga matuƙi ya sauko daga atisaye ba ne. Na sha riƙe tsani ina jiransu. Mutum zai cire hular nan gashinsa sharkaf, rigarsa kamar an tsoma a ruwa, shatin abin numfashi ya kwanta a kumatunsa. In jirgi ya yi kwana mai tsanani, nauyin jikinka ninkuwa yake, a F-16 har sau tara. Jini ya gudu daga kai ya tafi ƙafafu, gani ya dinga tsukewa, launi ya ɓace, in ba ka ɗaure ciki da cinyoyi kana numfashi guntu-guntu ba sai ka sume, jirgi na gudu. Wandon da suke sawa ma kumbura yake ya matse ƙafa don ya hana jinin sauka. Shi Aradu in ya ja sanda, me ke matse shi?

Mai Shayin Kwana: Kuɗin data.

Aradu17: A DCS ma allo na yin duhu in ka ja da ƙarfi, an saka wannan.

Baba Saje: Allo ne ya yi duhu, ɗana, ba idonka ba. Ka tuna Alpha Jet ɗin da 'yan bindiga suka harbo a Zamfara a Yulin 2021? Matuƙin, Abayomi Dairo, ya cilla kansa da lema, ya sauka a daji ana farautarsa, ya yi ta ɓuya yana tafiya cikin dare har ya kai wurin sojoji. Wannan ne mai sunan. Kai in an harbo ka me kake yi?

Mai Shayin Kwana: Ya miƙe ya ɗebo ruwa a randa ya dawo ya sake.

Baban Khalifa: A yi a hankali da juna. Ni dai abin da na sani, mu da ke buga War Thunder, wani gem ɗin na jiragen yaƙi da tankoki, ba ma wannan cika bakin. Mu shiga, mu yi harbi, mu fita.

Aradu17: Oga admin, da girman kujerarka, kar ka haɗa DCS da War Thunder. Ku da linzamin kwamfuta kuke nuna wa jirgi inda zai bi, shi ya bi. Wannan kam yayana ya yi gaskiya a kansa.

Baban Khalifa: Akwai ɓangaren da ake bugawa daga cikin kujerar matuƙi da sanda, ba ka taɓa shiga ba ne. Kuma in wasan yara ne, me ya sa a 2021 wani ya ɗora takardun sirri na tankar yaƙin Ingila, Challenger 2, a zauren War Thunder don kawai ya nuna an yi kuskure a gem ɗin? Daga baya aka sake yi da Leclerc ta Faransa. Yara ne ke da takardun sirri?

Injiniya Bala: Wannan ai ba hujjar ingancin gem ba ce, hujjar taurin kan masu buga shi ce.

Ɗan Kawo: Tankoki kuma? Jirgi muke magana. DCS ne har duniya ta ruɗe da shi. Farkon yaƙin Yukiren a 2022 bidiyon da aka yi ta yaɗawa wai wani matuƙin Yukiren da ake ce wa Fatalwar Kiyef ya harbo jirgin Rasha, a DCS aka haɗa shi. Ni kaina na san manyan mutane da suka tura shi suna kabbara.

Baban Khalifa: Yauwa, ka faɗa da bakinka. Farfagandar Turawa ce, da gem suke harbo jiragen Rasha.

Ɗan Kawo: Oga, kar mu shiga nan, don jiragen Rasha da aka harbo na gaske ma hotunansu na nan.

Baban Khalifa: Kawo su.

Ɗan Kawo: Ka bincika da kanka, ni ba ɗan aikenka ba ne.

Ɗan Maraɗi: Jirgin Rasha dai ba a raina shi. Mu nan Nijar Su-25 biyu muka samu a 2013, Cadi ma suna da shi. Jirgi ne mai jure wahala. Kuma Su-25T kyauta ake ba da shi a DCS, ba sai ka sayar da akuya ba.

Ɗan Kawo: Daga Yukiren kuka saye su, kuma kwance.

Ɗan Maraɗi: Kwancen ma yana tashi. Ku da kuka kashe kusan dala miliyan 500 a kan Super Tucano 12 masu farfela fa?

Baba Saje: Kul. Kar ka raina farfela. Wanda ke neman mutane a kan babura cikin daji ba gudu yake buƙata ba, jirgi yake so mai daɗewa a sama, mai tafiya a hankali ya ga ƙasa, mai arhar mai da gyara. Aikin Tucano ke nan, shi ya sa aka ajiye su a Kainji. JF-17 aikinsa daban.

Aradu17: Shi ya sa nake son jirginmu JF-17, ƙirar 'yan'uwanmu Musulmi na Pakistan.

Injiniya Bala: Haɗin gwiwa ne. A Kamra ake harhaɗa shi, amma da kamfanin Chengdu na Sin aka tsara shi, radar ma ta Sin ce.

Baban Khalifa: Injin fa? Ku faɗi injin mana. RD-93, na Rasha, jikan injin MiG-29. A cire shi a ga ko addu'a za ta ɗaga shi. Kuma kar a manta MiG-17 Najeriya ta yi yaƙin basasa da shi lokacin da wasu suka juya mana baya.

Mai Shayin Kwana: Ni tambayata ɗaya. Sandar nan da totur da Aradu ya sa hotonsu watan jiya, da hular da ya liƙa wa fitilu uku don kyamara ta bi kansa, nawa suka ci? Don har yau bai biya kuɗin gudummawar bikin Injiniya ba.

Aradu17: Wannan ba huruminka ba ne. Ka fara biyan bashin cajin waya da ake binka.

Injiniya Bala: Don Allah ku cire bikina a ciki.

'Yar Zariya: Tun ɗazu ana "mu matuƙa, mu matuƙa", ba wanda ya tuna Kafayat Sanni da aka maƙala wa fiffike a 2019, mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a sojin saman Najeriya. Ita ba ta zo zaure ta yi rantsuwa ba.

Ɗan Kawo: Hajiya, ita ma ai da na'ura ta koya. Kin ga maganata ta fito.

Baba Saje: Kana wurin?

Baban Khalifa: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita yadda aka tsaya. An yi ittifaƙi cewa Aradu ba matuƙi ba ne, kuma masu buga DCS girman kai ya yi musu yawa, ga shi kowa ya gani. Injiniya ya tabbatar mana da tarihi cewa gem irin War Thunder na da amfani wajen horo. Baba Saje, wanda ya fi mu sani, bai musa ba cewa ba don injin Rasha ba JF-17 ko titin jirgi ba zai bari ba, Ɗan Maraɗi kuma ya kawo shaida daga Nijar a kan ƙarkon Su-25. Maganar jiragen Rasha da wai aka harbo, an nemi hujja ba a kawo ba, don haka ta faɗi. Ɗan Kawo zai huta kwana biyu a waje saboda "ni ba ɗan aikenka ba ne". Na rufe wannan batu. Masu MiG-29 mu haɗu bayan sallar isha'i in an kawo wuta.