Yaya za a raba maki tsakanin sakin layin hadda da na ɗalibin da ya yi nasa?

Malamin Turanci, Gadarif:
Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da Turanci a aji biyu na wata sakandare a nan Gadarif, a gabashin Sudan, kuma da yawa daga cikin ɗalibaina Hausa suke ji a gida, da Larabci suke karatu, Turanci kuma shi ne harshensu na uku. Makon jiya na sa kowa ya rubuta sakin layi ɗaya a kan garinsu, sai takardu biyu suka hana ni sakat. Ta farko tsaf take, jan birona bai taɓa ko'ina ba, amma hadda ce, domin na ci karo da irinta sak a wasu takardu huɗu, har ɗaya daga cikinsu ya bar jumlar da ke cewa garin yana bakin teku, alamar cewa asali an rubuta ta ne a kan Fot Sudan. Ta biyu ta wani yaro ce da ya bayyana yadda ake gaggawar yanke riɗi kafin kwanson ya tsage ƙwayar ta zube, da yadda ake jingine dammuna su bushe. Kurakuransa sun haura 20, kuma babu aya ko ɗaya sai a ƙarshe. Na ba ta farko 8 cikin 10, ta biyu 4, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ku yaya kuke yi?

Malama daga Kasala:
Wa alaikumus salam, Ustaz. Abin da ya faru shi ne ka ba da maki a dunƙule, kuma duk lokacin da malami ya yi haka idonsa kan kurakurai yake fara sauka, domin su ne suka fi saurin ƙirguwa. Ni na koma rarraba maki kashi-kashi, bisa ma'aunin da Jacobs da abokan aikinsa suka fitar a 1981 don masu koyon Turanci: 30 cikin 100 ga ƙunshiya, 20 ga tsari, 20 ga zaɓen kalmomi, 25 ga nahawu, sai 5 kacal ga ƙa'idojin rubutu. A sakin layi, tsari yana nufin abu uku da nake dubawa: akwai jumlar da ta ɗauki gundarin batun, sauran jumlolin suna mara mata baya, kuma ba a shigo da wani zance na daban a tsakiya ba. Ina karanta kowace takarda sau biyu, karon farko ban riƙe biro ba. Idan ka yi wa yaronka na riɗi haka, za ka ga ya kwashe kusan dukkan makin ƙunshiya.

Tsohon malami, Mai Wurno:
Malama ta yi gaskiya a kan rarrabawa, amma ban yarda da kashi 5 ɗin nan ba, kuma na daɗe ina wannan gardama da abokan aikina. Yaranmu sun taso ne da rubutun da ba shi da babban baƙi da ƙaramin baƙi, wanda kuma harafin "wa" na Larabci, mai ma'anar "da" ko "kuma", yake iya ɗinke jumla goma ba tare da marubucin ya ji ya yi laifi ba. Yaron da ya rubuta layi tara ba aya ba sakaci ya yi ba, salon Larabci ya ɗauko ya sa masa rigar Turanci, kuma muddin aya ba ta da farashi a wajen malami ba zai taɓa damuwa da ita ba. Ni kashi 15 nake ba ƙa'idojin rubutu, in rage daga zaɓen kalmomi. Akwai kuma abin da ya keɓanci namu: ɗan Balarabe yakan mayar da p ta koma b, ɗan Bahaushe yakan rikita ta da f, wanda ya tashi da harsunan biyu kuwa sai ka ga duka biyun a layi ɗaya. Irin wannan kuskure sau ɗaya nake cire masa maki, ko da ya maimaitu sau bakwai. Kada kuma mu manta cewa tun daga Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan, yawancin waɗannan yara sun yi dogon zama ba makaranta, ga kuma jarrabawar Shahada, wato ta kammala sakandare, tana jiransu, inda mai gyara bai san su ba, takarda kawai yake gani.

Malama daga Kasala:
Na karɓi gyaran, Baba Malam. Sai dai takardar farko matsalarta daga tambayar take, domin "garinmu" batu ne da kowane ɗalibi ya riga ya haddace. A sa su rubuta a cikin aji, cikin minti 20, a kan abin da ba a sayar da amsarsa, kamar abin da suka gani a hanyarsu ta zuwa makaranta a ranar.

Malamin Turanci, Gadarif:
Allah ya saka da alheri. Na sake gyaran da ma'aunin Malama tare da kashi 15 na Baba Malam, sai mai riɗi ya tashi da 6. Masu hadda su biyar ban ba su maki ba tukuna. Na ce ranar Lahadi za su zauna gabana su rubuta wani, shi kuma mai riɗi na mayar masa da takardarsa na ce ya nemo wurare biyar da aya ta kamata ta zauna. Ya samo uku, ɗaya kuma ya sa ta a tsakiyar jumla.