Shin na'ura na iya ganin halin da hankalin mutum yake ciki?

Kawu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na ji wani yana cewa wai na'urar MRI, mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, tana nuna halin da hankalin mutum yake ciki, ko yana farke, ko ya lula tunani. Ni fa ban yarda ba. Abin da ke zuci, Allah kaɗai ya sani.

Ɗalibar likitanci: Wa'alaikumus salam Kawu. Ai ba zuci take leƙawa ba, jini take bi. Duk sashen ƙwaƙwalwar da ya kama aiki yakan ja ƙarin jini, sai na'urar ta ga canjin bayan daƙiƙa huɗu zuwa shida. A 1995 Bharat Biswal, a Wisconsin ta Amurka, ya lura cewa ko mutum yana kwance ba ya komai, sassan da ke motsa hannun dama da na hagu suna tashi tare, suna sauka tare. Daga nan aka fara zana taswirar sassan da ke tafiya tare. A 2001 kuma Marcus Raichle ya bayyana wani rukunin sassan ƙwaƙwalwa da ke ƙara ƙaimi idan mutum ya zauna shiru, ya lafa da zarar ya duƙufa kan aiki.

Malam: 'Yata, a bi a hankali. Mutum biyu su fito gida lokaci guda ba ya nufin sun yi shawara. A 2009 Craig Bennett ya saka mataccen kifi a cikin na'urar nan, lissafi ya nuna kamar ƙwaƙwalwarsa na aiki. A 2022 ma wani bincike a mujallar Nature ya nuna cewa kafin a danganta wannan taswira da halayyar mutane, sai an auna dubbai, alhali yawancin binciken baya da mutum ashirin da 'yan kai aka yi.

Ɗalibar likitanci: Gaskiya ne Malam, amma kifin nan an saka shi ne don a nuna illar lissafin da ba a tace ba. Kuma kwatanta mutane da juna abu ne daban, bin mutum ɗaya yana sauya hali shi ma abu ne daban. A Frankfurt, a 2014, Tagliazucchi da Laufs sun koya wa kwamfuta gane barci daga yadda sassan ke tafiya tare. Da suka duba hotunan mutum sama da dubu da aka ce su kwanta shiru, sai ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku gyangyaɗi ya ɗauke su cikin minti uku.

Yaya: Ni abin ya shafe ni kai tsaye. Ƙanena ya yi wata biyu a kwance bayan hatsarin babur, ido a buɗe, ba ya amsawa. Mahaifiyarmu kullum tana shafa masa man zaitun a ƙafa tana kiran sunansa, ana ce mata ba ya ji. Daga baya na karanta aikin Adrian Owen a Cambridge, a 2006: wata 'yar shekara 23 a irin wannan hali, aka saka ta cikin na'urar, aka ce ta raya a ranta tana buga tanis, sai sashen tsara motsi ya tashi kamar na mai lafiya. Aka ce ta raya tana zagaya ɗakunan gidansu, wani sashen daban ya amsa. Da na gama karantawa sai da na yi kuka.

Malam: Allah ya sa kaffara ne. Amma a wani bincike na 2010, cikin majinyata 54, biyar kaɗai suka iya haka. Kuma idan hoton bai nuna komai ba, ba hujja ba ce cewa mutum ba ya ji. Nan ne tsorona, kada a yanke wa majinyaci hukunci da hoto.

Yaya: Na yarda Malam. Amma ɗaya cikin biyar ɗin nan har tambaya ya amsa: ya raya tanis idan e ne, ya raya zagayen gida idan a'a ne. Da sunan mahaifinsa aka gwada shi, ya kuma dace.

Kawu: To wannan kam ya girgiza ni. Har yanzu ina kan bakana cewa ba ta karanta zuci. Amma daga yau, in na je dubiya, ba zan ƙara maganar majinyaci a kansa kamar ba ya nan ba.