Dasashina yana zubar da jini tun da na fara shan warfarin, shin in daina?

Mai tambaya, daga Pantami a Gombe:

Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekaruna 57. Makonni shida da suka wuce ina cikin yankan yadi bayan Azahar sai almakashi ya suɓuce daga hannuna na dama, bakina ya karkace, yaron shagona yana yi mini magana ina jin sa sarai amma harshena ya ƙi juyawa. Kafin minti 20 komai ya dawo daidai. A asibiti likita ya ce ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne, wato gudan jini ya toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, kuma asalinsa zuciyata ce ba ta bugawa bisa ƙa'ida, don haka ya ɗora ni a kan maganin tsinka jini mai suna warfarin.

Yanzu kullum asuwakina sai ya yi ja, idan allura ta soke ni jinin yana jimawa bai tsaya ba, ga kuma jini da ya taru a cinyata ba tare da na tuna na buge ba. Ina shan diclofenac da nake saya a kemis saboda ciwon gwiwa. Yayana ya ce in bar warfarin ɗin in je a yi mini ƙaho, tunda ai na warke. Ina neman shawararku.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Don Allah kada ka daina warfarin da kanka, domin dawowar hannu da baki ba warkewa ba ne. Zuciyar da ta aiko da wancan gudan jini tana nan yadda take, kuma wanda zai biyo baya yana iya zama na dindindin. Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka shi ne diclofenac, saboda shi da ibuprofen suna cin bangon ciki, kuma haɗa su da warfarin yana jawo zubar jini ta ciki. Ka dakatar da diclofenac ɗin, ka koma asibiti gobe a yi maka gwajin jinin da ake kira INR, mai auna yadda jini ya tsinke, wanda ga mai irin lalurarka akan so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Idan ya haura, likita ne zai rage maka adadin warfarin ɗin, shi ne kuma zai faɗa maka yawan paracetamol da za ka iya sha don gwiwar. Amma idan ka ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko jini a fitsari ko a amai, ko haɓo ya wuce minti 10, ko ciwon kai mai tsanani, ko ka faɗi ka bugi kanka, to ba a jiran gobe.

Wani dattijo daga Jekadafari:

Ɗan'uwa, na shekara huɗu ina shan warfarin. Maganar ƙaho ka ajiye ta, ka kuma gaya wa wanzaminka halin da kake ciki kafin ya ɗora maka aska. Ni na bar asuwaki mai tauri na koma buroshi mai laushi. Game da abinci, alayyahu da zogale suna da bitamin K mai rage ƙarfin maganin, amma ba a hana mu ci ba, abin da ake so shi ne daidaito: kada ka ci kwaɗon zogale kwano guda yau, sannan ka yi wata ba ka taɓa ganye ba. Na taɓa shan Flagyl ban tambayi kowa ba, gwajina ya haura sosai. Tun daga nan ko jiƙon gargajiya ba na sha sai na tambaya, kuma takardar maganina kullum tana aljihuna.

Wata 'yar uwa:

Kawu, ka koya wa iyalinka da yaron shagonka alamomin nan: karkacewar baki, mutuwar hannu, da sarƙewar magana. Da zarar sun gani su kai ka asibiti nan take, ko da abin ya lafa a hanya, kuma kada su ɗura maka ruwa ko wani magani.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na miƙa wa uwargida sauran diclofenac ɗin ta ajiye don in nuna wa likita, kuma gobe da sassafe yayan nawa ne zai raka ni, domin ya ji bayanin da kunnensa.