Neman kalma: me za mu kira shirin talabijin da aka tsayar alhali labarinsa bai ƙare ba?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan wata kalma da ke yawan fitowa a labaran nishaɗi na Amurka, musamman a watan Mayu, lokacin da manyan tashoshi irin su ABC da CBS da NBC da Fox suke gabatar wa kamfanonin talla jerin shirye-shiryen da za su nuna a kaka mai zuwa. A wannan lokaci shirye-shirye masu dogon zango kan rabu gida biyu: waɗanda Bature ya ce an yi musu "renewed", da waɗanda ya ce an yi musu "cancelled". Ta farko ba ta ba ni wahala ba, tunda masu shirya finafinanmu sun riga sun tabbatar mana da kalmar zango, sai mu ce an ƙara wa shirin zango. Ta biyun ce ta tsaya mini. Yawancin masu fassara suna rubuta "an soke shirin", ni kuwa a iya sanina sokewa ita ce janye abin da aka riga aka tsara ko aka tabbatar, kamar soke zaɓe ko soke tashin jirgi ko soke lasisi. Shirin da aka nuna zango uku babu abin da aka soke masa, domin abin da aka haska yana nan yadda yake. Tashar dai ta ƙi biyan kuɗin zango na huɗu ne, labarin ya tsaya a tsakiya. Wace kalma ce za ta ɗauki wannan ma'ana?

Abdulƙadir:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina "dakatarwa" ta isa, domin kowa zai gane cewa an daina nuna shirin. Idan kuma ba ta yi ba, mu matasa "kansal" muke cewa, kuma ba na jin akwai laifi idan aka rubuta ta haka, kamar yadda aka karɓi talabijin da rediyo.

Hajiya Bilkisu:
Ɗana Abdulƙadir, dakatarwa tana da gurbinta, kuma gurbin a cike yake. Wanda aka dakatar daga aiki yana sa ran dawowa, haka ma shirin da aka dakatar. A watan Mayun 2025, da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, duk wanda ya ji labarin ya fahimci cewa umarni ne daga hukuma, mai sharaɗi, wanda ake iya ɗagewa idan an cika ƙa'ida. Idan muka ɗora wa kalmar nauyi na biyu, mai karatu zai zaci gwamnatin Amurka ce take hana nuna shirye-shirye, alhali lissafin riba ne na kamfani. Ita kuwa "kansal", mun aro talabijin ne saboda ba mu da akwatin kafin ya zo, amma tsayar da abu bai kai ƙarshe ba tsohon sani ne a Hausa.

Kafin mu zaɓi kalma, ya kamata mu san abin da ke faruwa a ofishin da ake yanke hukuncin. Tashar kasuwanci a Amurka hajarta ita ce masu kallo, masu sayenta kuma kamfanonin talla ne. Kamfanin Nielsen shi ne yake auna yawan masu kallo tun shekarun 1950, kuma masu talla sun fi biyan kuɗi a kan 'yan shekara 18 zuwa 49, saboda suna ganin su ne ba su gama kafewa a kan irin sabulu ko motar da za su saya ba. Saboda haka shiri yana iya tara miliyoyin mutane amma a tsayar da shi, idan mutanen ba su ne ake nema ba. A 1971 CBS ta share shirye-shiryenta masu labarin karkara, ciki har da The Beverly Hillbillies da Green Acres, duk da cewa suna da masoya, don kawai tana son matasan birane. A ɗaya ɓangaren, Cheers ya fara a NBC a 1982 yana kusa da na ƙarshe a ƙidayar masu kallo, tashar ta yi haƙuri da shi, ya yi zango 11 har zuwa 1993. Wannan ne ya sa ba na son duk wata kalma da ke ɗora laifin a kan shirin, irin su "ya faɗi" ko "ya mutu". Kalmar da muke nema dole ta nuna cewa wani ne ya sa hannu ya tsayar. Ni shawarata ita ce "katsewa": an katse shirin, kamar yadda ake katse wa mai magana hanzari.

Malam Sani:
Ranki ya daɗe Hajiya, na yarda da sharaɗin da kika gindaya, amma katsewa za ta kawo ruɗani ga duk wanda ya taɓa zama a ɗakin watsa shirye-shirye. A can, idan wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi, mai kula da na'ura zai rubuta a littafin aiki cewa shiri ya katse daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Idan labari mai zafi ya shigo, mai gabatarwa zai ce, "Masu kallo, mun katse shirin ne domin kawo muku labari da ɗumi-ɗuminsa," bayan minti biyar kuma a koma inda aka tsaya. Mai kallo ya saba da wannan ma'ana ƙwarai, har idan ya ga kanun labari na cewa an katse shiri kaza, zai ɗauka matsalar daren jiya ce.

Kalmar da nake ba da shawara ita ce "datsewa". Tana da fuska biyu a Hausa, kuma dukansu muna buƙatarsu: datse abu shi ne a sare shi kafin ya kai iyakar tsawonsa, datse hanya kuma shi ne a tare ta a hana wucewa. Shirin da aka datse an rage masa tsawon da marubutansa suka yi niyya, an kuma tare masa hanyar zuwa zango na gaba. Ba ta ce shirin ba shi da kyau ba, ba ta kuma yi alkawarin dawowa ba. Ku gwada ta a kan Firefly, wanda Fox ta nuna a 2002: an shirya kashi 14, tashar ta nuna 11 kawai, su ma ba bisa jerin da aka tsara su ba, sannan ta rufe babin. Ko Star Trek na asali, wanda NBC ta mayar ƙarfe goma na daren Juma'a a zangonsa na uku, lokacin da matasan da ke kallonsa ba sa gida, sannan a 1969 ta ce babu masu kallo, ta tsayar da shi a kashi na 79. A duka biyun "an datse shirin" ta zauna daram, kuma tana ba mu suna, wato datsewa, da siffa, wato datsattsen shiri.

Malam Nasiru:
Malam Sani, wannan ta kwanta mini, kuma ta buɗe mini inda sokewa take da haƙƙin zama. Netflix ta sanar da ƙara wa GLOW zango na huɗu, har an fara ɗauka, sai a watan Oktoban 2020 ta janye saboda tsaikon da annobar korona ta jawo. Haka Roseanne: ABC ta riga ta ƙara masa zango a 2018, yana cikin shirye-shiryen da aka fi kallo a ƙasar, amma ranar 29 ga Mayu na wannan shekara ta janye bayan jarumar shirin ta wallafa kalaman wariyar launin fata a Twitter. A nan akwai alkawarin da aka yi aka warware, don haka za mu iya cewa an soke zangon da aka ƙara, wanda hakan ya datse shirin. Zango ake sokewa, shiri kuwa datse shi ake yi.

Malama Saratu:
Ina da ja kaɗan, Malam Sani. Datsewa a kunnena tana da ƙarfin yanke ƙauna, alhali da yawa daga cikin waɗannan shirye-shirye suna dawowa, kuma dalilin dawowarsu shi ne ya fi bayyana yadda kasuwar take. Fox ta tsayar da Brooklyn Nine-Nine ranar 10 ga Mayun 2018, washegari NBC ta ɗauke shi. Mutane da yawa sun ɗauka ƙorafin masoya ne kawai ya yi aiki, amma kamfanin da ke shirya shi, Universal Television, gida ɗaya yake da NBC. Ita Fox haya take biya, ribarta ta tsaya a tallan daren da aka nuna shirin. Shi kuwa mai shirin yana ci gaba da cin moriyarsa shekaru masu yawa, ta hanyar sayar da tsofaffin kashi ga wasu tashoshi da ƙasashen waje da dandalin kallo ta intanet. A al'adar kasuwar, shiri ya fi daraja wajen wannan sayarwa idan ya kusanci kashi 100, ko aƙalla 88, wato zango huɗu masu kashi 22 kowanne, domin tashar da ta saya tana son ta riƙa maimaita shi kullum na tsawon watanni. Shi ya sa za ka ga shiri mai rauni ya tsira a zangonsa na uku idan na gida ne, wani kuma da ya fi shi masu kallo ya tafi saboda na haya ne. Family Guy ma Fox ta tsayar da shi a 2002, cinikin faifan DVD da maimaicin da ake yi a wata tasha suka sa ta dawo da shi a 2005. To idan an datse, yaya za mu bayyana irin wannan dawowa?

Malam Sani:
Malama, hanyar da aka datse ai ana buɗe ta, ruwan da aka datse ma ana sakinsa, don haka kalmar ba ta rufe ƙofa har abada ba. Ta dai faɗi hukuncin da aka yanke a ranar. Abin da ba ta yi ba shi ne alkawari, kuma gara haka, domin waɗanda suke dawowa su ne 'yan kaɗan, su ma ba duka suke daɗewa ba. A 2007, da CBS ta datse Jericho, masoyansa suka riƙa aika wa ofishin tashar gyaɗa har kusan tan 20, saboda kalmar "nuts", wato gyaɗa da danginta, da aka furta a kashin ƙarshe. Tashar ta dawo da shi da kashi 7 a 2008, ƙidayar masu kallo ba ta ƙaru ba, ta sake datse shi. Idan tashar da ta datse ce ta dawo da shi, sai mu ce ta farfaɗo da shi. Idan kuwa wata ce ta ɗauka, kamar yadda Netflix ta ɗauki Lucifer daga Fox, Amazon kuma ta ɗauki The Expanse daga Syfy, duka a 2018, ina ganin "karɓar riƙo" za ta yi, irin yadda gwaggo take karɓar riƙon yaro ya ci gaba da tashi a wani gida da sunansa na asali.

Hajiya Bilkisu:
Na janye katsewa, hujjar ɗakin watsa shirye-shirye ta fi tawa ƙarfi. Abu ɗaya nake so a kiyaye, kada datsewa ta haɗiye kammalawa. Breaking Bad ya ƙare a 2013 bayan zango biyar, a inda masu shi suka tsara, kuma wannan shiri ne da aka kammala. Akwai kuma na tsakiya, inda ake gaya wa marubuta tun da wuri cewa wannan ne zangon ƙarshe domin su ɗaure bakin labarin, kamar yadda Netflix ta yi wa Manifest bayan ta karɓi riƙonsa daga NBC a 2021, ta ba shi kashi 20 na rufewa. Shi ma kammalawa ce, ko da kuɗi ne suka ƙayyade ranarta.

A dandalin intanet ma kalmar tana aiki, ko da yake lissafin ya sauya. Kuɗin Netflix galibi daga masu biyan wata-wata suke fitowa, saboda haka tana duba mutum nawa ne suka fara shiri a makonnin farko, nawa ne suka kai ƙarshensa, da abin da zango na gaba zai ci, tunda albashin 'yan wasa da na marubuta hauhawa yake yi daga zango zuwa zango. Sabon shiri yana jawo sabon mai biya, tsoho kuwa yawanci waɗanda suke ciki kawai yake riƙewa. Da wannan ma'auni aka datse shirin 1899 a watan Janairun 2023 bayan zango ɗaya tak, alhali masu shi sun tsara zango uku. A ganina wannan ya fi na tashoshi ciwo, domin mai kallo da ya san halin dandalin yakan jira ya ga ko za a ƙara zango kafin ya fara kallo, jiran nasa kuma shi ne yake rage ƙidayar da za a yanke hukunci da ita.

Abdulƙadir:
Na gamsu, Hajiya. Tambayata ita ce ko za mu yi amfani da ita ga shirye-shiryenmu na YouTube, waɗanda sukan tsaya idan kuɗi suka ƙare wa mai shiryawa, ba tare da wata tasha ta ce komai ba.

Malam Sani:
A'a, ƙanina. Datsewa tana buƙatar mai datsewa, wato wanda yake biyan kuɗi kuma yake da ikon cewa ya isa. Idan jarin mai shiryawa ne ya karye, shirin tsayawa ya yi. Amma idan tasha ko mai ɗaukar nauyi ne ya janye hannunsa alhali marubuci yana da sauran labari a takarda, to an datse shi, a Kano ne ko a Los Anjalas.

Malam Nasiru:
Na gode muku duka. Ga yadda zan rubuta labarin 2018 ɗin da Malama Saratu ta kawo, ku duba ko akwai inda ya yi tuntuɓe: "Tashar Fox ta datse shirin Brooklyn Nine-Nine bayan zango biyar, sai dai kwana ɗaya bayan sanarwar NBC ta karɓi riƙonsa, ta kuma ƙara masa zango na shida."

Malama Saratu:
Ya yi, Malam, sai dai ka cire "kuma" ɗin da ke gaban "ƙara", domin karɓar riƙon da ƙarin zangon a sanarwa ɗaya suka zo.