Haƙƙin mallaka: a soke shi ko a gyara?

Masu cewa a soke dokar haƙƙin mallaka, wato dokar da ke hana a kwafi aikin mai fasaha ko a sayar da shi ba da izininsa ba, suna da hujja mai ƙarfi: kariyar tana nan a takarda, amma kuɗin lauya ya fi ƙarfin mawaƙi ko mai zanen da ke cin gashin kansa. Duk da haka, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu a wannan muhawara sun ce sokewar za ta fi cutar da ƙaramin mai fasaha, don kamfani mai jari zai kwashe aikinsa ya sayar, bai biya shi komai ba.

Shawarar da aka fi nanatawa, wadda ni ma na fi gamsuwa da ita, a kan kwantiragi take. Kada ka sa hannu ka sallama mallakar aikinka ɗungurungum. Ba da izinin amfani na ƙayyadadden lokaci, a rubuce, a fayyace kasonka. Nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallaka, tana kare aiki ko ba a yi masa rajista ba, amma a adana zanen farko da rikodin asali mai kwanan wata, saboda ranar gardama.

Wasu kuma sun ce a rage wa'adin kariyar: shekara 70 bayan mutuwar mai aiki, kamar yadda ake yi a Amurka, ya yi yawa.