Me za mu kira "mezzala" da Hausa?

Mai shirin wasanni: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan gabatar da tarihin Adolfo Baloncieri a rediyo, ɗan ƙwallon Italiya da aka haifa a 1897 kusa da Alessandria, ya yi ƙuruciyarsa a Rosario ta Ajantina, ya taka leda a Alessandria kafin ya koma Torino a 1925. Ya buga wa ƙasarsa wasa 47, ya ci ƙwallo 25, daga baya ya horar da Milan da Napoli da Sampdoria da Roma. Abin da ya tsaya mini shi ne matsayinsa a fili, wanda Italiyawa ke kira "mezzala". Ina neman kalmar da mai sauraro zai gane nan take.

Tsohon ɗan ƙwallo: Ka ce lamba goma, kowa ya san aikinta.

Mai shirin wasanni: Na so in yi haka, amma ba a fara sa lamba a riguna a gasar Italiya ba sai 1939, bayan ya bar Torino da shekaru. A tsarin zamaninsu 'yan gaba biyar ne: biyu a gefe, ɗaya a tsakiya, sai biyu tsakanin na gefen da na tsakiyan, waɗanda kan ja baya su karɓo ƙwallo su rarraba. Baloncieri ɗaya ne daga cikin biyun nan, kuma shi ke shirya wa abokan wasansa na gaba, Libonatti da Rossetti, ƙwallo lokacin da Torino ta ci gasar 1928.

Malamin Hausa: To ai wannan madugu ne. Shi ya san hanya, shi ke tsara tafiya, kuma da maganarsa ake tashi. Na daɗe ina roƙon masu sharhi su karɓi "madugun wasa", domin abin takaici ne harshen da ya yi fatauci har Gwanja ya riƙa aron suna ga kowane mai gudu a fili.

Wata ɗaliba: Allah ya gafarta Malam, "madugu" ta fi dacewa da kyaftin, kuma Baloncieri ya riƙe kyaftin ɗin Italiya, saboda haka mai sauraro zai ɗauka shugabancinsa ake nufi. Ni "ɗan gaban ciki" nake gani, tunda muna da ɗan gefe.

Malamin Hausa: "Ɗan gaban ciki" fassara ce daga Turanci aka sa mata hula. Wanda bai san tsarin ba zai ji kamar ana maganar cikin mutum.

Tsohon ɗan ƙwallo: Malam, da gola da kwana da fanareti muka tashi, kuma babu wanda ya ce Hausarmu ta ragu. Ku na aji kuna ƙirƙira, mu na fili ba a tambayarmu.

Mai sauraro daga Maraɗi: Ku tuna mu ma muna kama tashoshinku, kuma aronmu daga Faransanci yake. Kalmar Hausa zalla ta fi haɗa mu, in dai ba ta ɓatar da ma'ana ba.

Malamin Hausa: Abin da nake faɗa ke nan tun farko, amma da yake daga bakin malami ya fito sai aka kira shi tsauri.

Mai shirin wasanni: Na gode muku duka. Zan ambaci "mezzala" sau ɗaya, in bayyana shi da "ɗan gaban ciki mai rarraba ƙwallo", sannan in ci gaba da "ɗan gaban ciki". "Madugu" zan ajiye ta inda zan yi maganar lambar tagullar da shi da tawagar Italiya suka samu a gasar Olamfik ta Amsterdam a 1928.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, kalmar ta yi tsawo a bakin mai sharhi. Amma tunda lokaci ya ƙure maka, ka yi amfani da ita, mu ji yadda za ta zauna a kunne.